KIMIYYA DA ZAMAN YAU: Ɗan Hoton Jirgin Da Ya Jawo Doka A Abuja

Ran Talata 19 ga watan Agusta, 2025, aka yi wani taron gaggawa a Abuja na manyan jami'an da ke kula da tsaron jiragen sama. A wurin taron ne Babban Darektan Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Nijeriya, watau NCAA, Kyaftin Chris Najomo, ya ba da sanarwa cewa duk wanda ya shiga jirgin wani kamfani na ƙasar nan, wajibi ne ya kashe wayarsa da duk wata na'urar lantarki da yake riƙe da ita, kashewa ɗungum, sa'ad da jirgi zai tashi da sa'ad da zai sauka. Ya ce zancen nan na sa waya a yanayin jirgi ya ƙare. Aka kuma umurci kamfanonin jirage su gyara littattafansu na ƙa'idojin aiki, su kai wa hukumar ta duba ta amince.

Abin da ya kawo wannan magana ba ɓoyayye ba ne. Kwana tara kafin taron, a cikin wani jirgin kamfanin Ibom Air da ya tashi daga Uyo zuwa birnin Ikko, gardama ta kaure tsakanin wata fasinja da ma'aikatan jirgin a kan kashe waya. Da jirgi ya sauka gardama ta zama kokawa, aka fitar da matar da ƙarfin tsiya, hotunan abin suka bazu ko'ina, aka kai ta kotu, har ta kwana a gidan yarin Kirikiri, kafin Ministan Sufurin Jiragen Sama, Mista Festus Keyamo, ya sa baki a janye ƙarar. Raba gardama tsakanin matar da ma'aikatan ba aikin wannan fili ba ne. Amma akwai tambayar da ta rage a bakin jama'a bayan ƙura ta lafa, ita ce: shin in mutum ya taɓa ɗan hoton jirgin nan da ke fuskar na'urarsa, ba daidai yake da ya kashe ta ba?

Amsar a taƙaice ita ce, ba daidai ba ne. Kuma babu inda bambancin ya fi fitowa fili kamar a kan kwamfutar hannun nan mai siffar allon karatu, wadda 'yan kasuwa ke kira tabulet. Waya dai ƙarama ce, in an yi magana sai mai ita ya jefa ta aljihu. Tabulet kuwa shi ne ake gani a kan cinyar ma'aikacin gwamnati yana duba takardun taro, da ɗan kasuwa yana lissafi, da yaron da uwarsa ta kunna wa wasan yara don ya yi shiru. In ma'aikaciyar jirgi ta ce a kashe, sau da yawa amsar da takan samu ita ce, "Ai wannan ba waya ba ce, ko layi babu a ciki." Mai wannan magana ba ƙarya ya yi ba, sai dai rabin gaskiya ya faɗa.

Dattawan da suka saba kama Rediyon Kaduna a kan mita 49 sun san akwatin rediyo kunne ne kurum: yana ji, ba ya magana. Tabulet ba haka yake ba. Yana da kunne, yana kuma da baki, watau ƙaramin gidan rediyo ne da ke watsa saƙo ta iska, kuma bakin nasa ba ɗaya ba ne.

Baki mafi ƙarfi shi ne na layin waya, a irin tabulet ɗin da ake sa wa sim. Da shi yake magana da dogayen ƙarafan sadarwa da aka kakkafa a gari da kan hanya, waɗanda jama'a ke kira ƙarfen sabis. A tsohon tsarin GSM ƙarfin muryar na'urar hannu yana iya kai wat 2. Abin lura a nan shi ne, wannan murya ba tsaye take wuri ɗaya ba. In ƙarfen sabis yana kusa, na'ura takan yi magana a hankali. In ya yi nisa sai ta ɗaga murya, tamkar mutumin da ke kiran mai kwalekwale daga wancan ƙetare. Dalilin ke nan da ya sa matafiyi yakan ga batirinsa ya zube da sauri a dajin da sabis ke ɗaukewa yana dawowa, alhali kuwa bai kira kowa ba. Na'urar ce ta yini tana kwarara kira babu mai amsawa.

Baki na biyu shi ne Wi-Fi, wanda da shi tabulet ke samun intanet a ofis ko otal ko gida. Ƙarfinsa bai cika wuce kashi ɗaya cikin goma na wat ba, shi ya sa in an fita daga ginin sai ya yanke. Wannan kowane tabulet yana da shi, da mai sim da marar sim, kuma ko ba a haɗa shi da komi ba, muddin a kunne yake, lokaci lokaci yakan yi sallama cikin iska ya ji ko akwai mai amsawa. Na uku shi ne Bluetooth, mai raɗa, wanda ke haɗa tabulet da abin sauraro na kunne marar igiya, ko da allon rubutu, a tazarar da ba ta cika wuce mita 10 ba. Saboda haka mai cewa babu layi a tabulet ɗinsa, baki ɗaya ya rufe, biyu suna buɗe.

Akwai kuma GPS, mai nuna wa mutum inda yake a kan taswira. Shi wannan kunne ne zalla. Yana sauraron taurarin ɗan adam da ke shawagi a nisan kilomita wajen 20,000 daga doron ƙasa, ba ya aika musu da komi. Don haka ne a yawancin na'urorin yanzu yanayin jirgi ba ya taɓa shi. (Wanda ya sayi iPad marar sim ya sani cewa babu GPS a cikinsa tun asali, da Wi-Fi yake laluben inda yake.)

To, me ɗan hoton jirgin yake yi in an taɓa shi? Yana rufe bakunan nan ne gaba ɗaya a bugu guda. Kira ba ya shiga, ba ya fita, saƙon tes ba ya zuwa, data ta tsaya, kuma in tabulet ɗin yana raba wa wasu na'urori intanet daga layinsa, wannan ma ya yanke. Saƙonnin WhatsApp da aka aiko ba ɓata suke yi ba, suna can suna jira har a buɗe. Sauran abin da ke cikin na'urar kuwa yana nan daram: littattafan da aka ajiye, da Alƙur'ani mai girma, da hotuna, da fim ɗin da aka riga aka sauke, da kyamara, da agogon tashi daga barci. Har allurar nuna alƙibla tana aiki, domin da maganaɗisun ƙasa take aiki, ba da sabis ba.

Amma masu ƙera na'urorin sun bar wata ƙofa a buɗe, kuma a nan ne gizo ke saƙa. Bayan an sa yanayin jirgi, mai na'ura yana iya komawa ya kunna Wi-Fi shi kaɗai, ko Bluetooth shi kaɗai, ko duka biyu, ɗan hoton jirgin kuma yana nan a saman allo bai gusa ba. Layin waya ne kurum zai zauna a rufe. Da Wi-Fi ɗin nan mutum yana iya karanta labarai, ya aika saƙo, har ya yi kiran WhatsApp yana ganin fuskar wanda yake magana da shi. Har wa yau, sababbin na'urorin Apple da na Android suna riƙe abin da mai su ya zaɓa: in ya taɓa kunna Bluetooth yana cikin yanayin jirgi, to gaba in ya sake taɓa hoton jirgin, Bluetooth ɗin ba zai mutu ba. Tun daga Android 11, wanda ya fito a 2020, in abin sauraro na kunne yana haɗe, na'urar da kanta ba ta yanke shi. Ba mugunta ta sa aka yi haka ba. An yi ne domin jiragen ƙasashen waje da yawa suna da nasu Wi-Fi da suke ba fasinja, kuma akwai masu larurar ji da ke dogara da Bluetooth. Sai dai sakamakon shi ne, ana iya samun tabulet biyu a kujeru biyu maƙwabta, kowanne da hoton jirgi a fuskarsa, ɗaya ya yi gum, ɗaya yana ta zuba. Ma'aikaciyar da ke wucewa tsakanin kujeru, da fasinja fiye da ɗari a gabanta da 'yan mintoci kaɗan a hannunta, ba ta da hanyar bambance su.

Ya kamata mai karatu ya san asalin hanin, domin ba inda mutane ke tsammani ya faro ba. A 1991, shekarar da hedkwatar Nijeriya ta taso daga Ikko zuwa Abuja, shekara goma kafin wayar GSM ta shigo ƙasar nan a watan Agusta na 2001, hukumar sadarwa ta Amurka ta hana amfani da wayar salula a cikin jirgin da ke sama. Damuwarta a kan ƙarafan sabis na ƙasa take. Wayar da ke ƙasa ƙarfe ɗaya ko biyu take gani, gidaje da duwatsu sun kare mata sauran. Wadda ke sama kuwa babu abin da ya kare ta, tana jin ƙarafa da yawa a lokaci guda, tana kuma tsallake su da gudun jirgi, sai ta dagula wa mutanen ƙasa layi. Ita kuma hukumar jiragen sama ta Amurka tana da nata hanin dabam, na tsoron kada na'urorin fasinja su shiga wa na'urorin jirgi hanci.

Wannan tsoro yana da tushe? Duk wanda ya taɓa zama kusa da lasifikar masallaci ko ta wurin taro ya san ƙarar nan, dit-dit-dit, da takan fito daga lasifika jim kaɗan kafin wayar wani ta yi ƙara. Ba tasha ɗaya suke ba, amma da yake wayar GSM tana aika saƙonta ne a gutsuttsure, sau 217 a kowace daƙiƙa, igiyoyin lasifikar sukan tsinci bugun su mai da shi ƙara. Irin wannan ƙarar matuƙan jirgi sun sha ba da rahoton ji a abin da suke sawa a kunne, wanda da shi suke karɓar umurni daga hasumiyar filin jirgi. Ba ta kayar da jirgi. Amma a lokacin hunturu, sa'ad da hazo ke rufe Abuja da Kano har matuƙi ba ya ganin titin sauka sai ya zo daf da shi, da na'ura da muryar mutumin hasumiya yake dogara, kuma lamba ɗaya da ya kasa ji sosai ba ƙaramin abu ba ne. Waya ɗaya ba komi ba ce. Na'ura ɗari biyu da suka rasa sabis, kowacce ta ɗaga murya iyakar ƙarfinta a cikin bututun ƙarfe guda, wannan shi ne abin da injiniyoyi ba su so.

Gaskiya kuma ita ce jiragen zamani an ƙera su da kariya mai ƙarfi, kuma hukumomin ƙasashen waje sun daɗe da sassautawa. A ƙarshen watan Oktoba na 2013 hukumar jiragen sama ta Amurka ta yarda fasinja ya riƙe tabulet ɗinsa a kunne tun daga tashi har sauka, muddin yana cikin yanayin jirgi. A 2014 takwararta ta Turai ta ƙara gaba, ta ce kamfanin da ya gwada jiragensa ya tabbatar da lafiyarsu yana iya barin fasinja su bar na'urorinsu ko ba yanayin jirgi. A 2022 Tarayyar Turai ta ware zangon da jirage za su ba fasinja sabis na 5G a sama, ta hanyar ɗan ƙaramin ƙarfen sabis da ake sawa a cikin jirgin kansa. Da yake yana kusa, wayoyi ba su da bukatar ɗaga murya. Abin da ya fi ban sha'awa shi ne matuƙan kansu da tabulet suke aiki. A 2013 kamfanin American Airlines ya gama raba wa matuƙansa iPad fiye da 8,000, suka maye gurbin jakunkunan taswira da littattafai masu nauyi da suka saba ɗauka. Sai dai nasu an gwada su, an san irinsu, an san halin da aka sa su. Na fasinja kuwa daga kowace kasuwa ake sayo su.

Kada kuma a ce zancen karo tsakanin sadarwa da jirgi tatsuniya ce ta dā. A watan Janairu na 2022, da kamfanonin waya na Amurka za su buɗe sabon zangon 5G wanda ya yi kusa da zangon na'urar da ke gaya wa matuƙi tazararsa da ƙasa, sai da manyan kamfanoni irin su Emirates da Air India suka soke wasu tafiye-tafiyensu zuwa can. A wannan karon ƙarafan sabis da ke kusa da filayen jirgi ne abin tsoron, ba na'urorin fasinja ba, amma ya nuna yadda masu jirgi ke ɗaukar lamarin.

Akwai wani dalili na biyu wanda bai shafi rediyo ba ko kaɗan, kuma watakila shi ne mafi nauyi. Mafi yawan haɗurran jirage a lokacin tashi ko sauka suke aukuwa. Mutanen Arewa ba su bukatar a tuna musu da ran 29 ga watan Oktoba, 2006, sa'ad da jirgin kamfanin ADC mai zuwa Sakkwato ya faɗi jim kaɗan bayan ya tashi daga filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe a Abuja, mutum 96 suka rasu, ciki har da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, Allah ya jiƙansu. Wannan haɗari ba ruwansa da waya, mugun yanayi na iska jirgin ya shiga. An kawo shi ne don a ga cewa abin da zai faru a waɗannan mintoci, cikin ƙiftawar ido yake faruwa. Ƙa'idar ƙera manyan jirage ita ce a iya fitar da dukan fasinja cikin daƙiƙa 90. Mutumin da ya toshe kunnuwansa yana kallon fim ba zai ji umurni ba, tabulet mai nauyin rabin kilo kuwa, in jirgi ya ci birki da ƙarfi, jifa yake zama. Yanayin jirgi ba ya maganin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

In aka auna duka, umurnin NCAA ya fi na Turai da Amurka tsauri, kuma mai ilmin lantarki yana iya cewa ya wuce abin da kimiyya ta bukata. Amma yana da fa'ida guda wadda ba a raina ta: ya kashe gardama. Kafin umurnin, wannan kamfani ya ce yanayin jirgi ya isa, wancan ya ce sai an kashe, fasinja ya hau wannan yau ya hau wancan gobe, ya ɗauka wulaƙanci ake yi masa. Allon da ya mutu kowa yana iya ganinsa. Inda hukumar da kamfanoni suka rage aiki shi ne wajen bayani. Sanarwar cikin jirgi galibi da Turanci ake yinta, da sauri, ba a kuma faɗin dalili. Jirgin da ya tashi daga Abuja zuwa Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, ba zai rasa mutanen da jimla biyu na Hausa za su gamsar da su ba. Mutumin da aka gaya wa dalili ya fi saurin bi a kan wanda aka daka wa tsawa. Shi kuma fasinja ya sani cewa Dokar Sufurin Jiragen Sama ta 2022 ta mai da ƙin bin umurnin ma'aikatan jirgi a kan irin wannan laifi ne, kuma a jirgin kowace ƙasa, maganar kyaftin ita ce ta ƙarshe.

Wani kuskure da ya yi yawa shi ne ɗaukar duhun allo a matsayin kashewa. In an ɗan latsa maɓallin gefe allo ya yi baƙi, ko an rufe murfin fata a kansa, barci kawai tabulet ya yi, bakunansa duka suna aiki, shi ya sa saƙo ke shigowa yana cikin jaka. Kashewa ita ce a danne maɓallin har na'urar ta tambaya, a amsa mata, ta mutu. Dabara mai kyau ita ce a sa yanayin jirgi tukuna sa'an nan a kashe, domin in jirgi ya daidaita a sama aka ba da izinin kunnawa, na'urar ta farka bakinta a rufe, ba ta shiga neman sabis ba. Wanda kuma yake so ya yi karatu ko kallo a hanya, ya sauke abin da yake so tun yana ɗakin jira.

Ɗan hoton nan amfaninsa a ƙasa ma ya fi na sama yawa. In wuta ta ɗauke, babu tabbacin yaushe za ta dawo, sa shi yana tsawaita ran batir, cajin ma ya ɗan fi sauri. Mahaifin da zai miƙa wa yaro tabulet yana iya rufe shi da shi, kada yaron ya cinye data ko ya faɗa inda bai kamata ba, ko da yake yaran yanzu ba su daɗewa kafin su gano maɓallin. Mai karatun Alƙur'ani a masallaci ya huta da kunyar ƙarar kira a tsakiyar sahu. In sabis ya rikice, a sa yanayin jirgi na 'yan daƙiƙoƙi a cire, sai na'urar ta sake neman ƙarfe mafi kusa. Sai dai a tuna, muddin yana kunne babu mai samun mutum ta layi, komi gaggawar lamarin.

Su kuwa maniyyata aikin Hajji da ke tashi daga Abuja da sauran filayen ƙasar nan, ƙofar nan da aka bari a buɗe alheri ce gare su. Layin Nijeriya in ya sauka Jidda ko Madina yana iya kama sabis na kamfanin can, ya shiga cajin kuɗin baƙunta, wanda ya fi na gida tsada nesa ba kusa ba, kuma tabulet yakan ja data da kansa ko mai shi bai taɓa shi ba. Alhajin da ya bar yanayin jirgi a kunne, ya buɗe Wi-Fi na masauki shi kaɗai, zai gaisa da iyalinsa ta WhatsApp, kuɗin layinsa kuma suna nan yadda ya bar su, har ya sayi sim na Saudiyya.